Kada Ka Kunna Kwamfutar Tukuna

Yaya,

Na fita aiki kana barci. Don Allah kada ka kunna kwamfutar wasanka.

Na leƙa cikinta da safe. Sabon katin hoton ya zauna daram, sannu da ƙoƙari. Amma ka haɗa sabon akwatin wutar kwamfutar da wayoyin tsohon akwatin, don kawai bakinsu ya shiga. Ba kamfani ɗaya ba ne, kana kunnawa faifan ajiya zai iya ƙonewa. Sababbin wayoyin suna cikin kwali, ko ledarsu ba ka yage ba.

Na tafi da wayar soket a jakata, don na san halinka. Yi haƙuri zuwa la'asar mu haɗa tare. Wasa ana sake saukewa, amma muryar marigayi Baba da muka naɗa, a faifan nan kaɗai take.

Ƙanwarka