Gara a Kabad ɗin Baba

Lahadi, 2 ga Yuni

An taso daga coci, ban ko cire takalmi ba sai ga Bostiao, ƙanen mijina, da abokansa uku. Kamar kullum. Na buɗe kabad ɗin giyar, na jera kofuna huɗu, na matse lemun tsami a kan feni yadda kowa yake so. Ni da ban taɓa kurɓar giyar yazawar nan ba, na fi kowa a Aldona iya haɗa ta.

Surukina ne ya kawo kabad ɗin daga aikin jirgin ruwa. Baƙin katako, madubi a ciki, murfin sama ya buɗe ya zama tebur. A gabansa mijina Ruzar ya ƙarar da hantarsa. Shekara huɗu da binne shi, ni kuma har yau ina tsaye a inda ya bar ni, da mabuɗi a ƙugu.

Talata, 11 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai. Na kunna ƙwan lantarkin cikin kabad saboda fumfuna, na durƙusa na shafe ƙafafunsa da bayansa da man ɓawon yazawa. Duk sati biyu a damina, shekara talatin da ɗaya. Man yana korar gara, yana kuma cin fatar hannu. Yatsuna sun sake tsagewa.

Alhamis, 20 ga Yuni

'Yata Melita ta kira daga Pune. Haihuwarta watan Satumba ne. Ta ce sun gyara min ɗaki, in zo in zauna gaba ɗaya. Na ce sai na ga yadda za a yi da gida.

"Mama, ba gida ba ne, kabad ne. Shi kika aura ko Baba?"

Na ce ta iya bakinta. Amma ina son zuwa. A nan kaɗai zan faɗa: ina so har ƙirjina yana zafi.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na yi wa Bostiao maganar. Ya yi dariya har da buga cinya. "Haba matarmu, ki tafi ki bar wa wa kabad ɗin Baba? Damina ɗaya gara za ta yi biki." Na ce ya kai gidansa. Ya ce matarsa Perpetua ta rantse ranar da kabad ya shigo ta ƙofar gaba, ita ta baya za ta fita. Sayarwa kuma, gado ne na mutum shida, huɗu suna London, ba wanda zai sa hannu. Jiya ma yayarsu ta rubuto wai in turo mata hotonsa.

Sai ya miƙo kofi ya ce in ƙara ƙanƙara. Na ƙara. Bakina ba ya iya cewa a'a, tun ina amarya haka yake.

Talata, 25 ga Yuni

Man ya ƙare. Gobe in saya.

Laraba, 10 ga Yuli

Ban saya ba. Ruwa ya yi yawa, gwiwata kuma.

Litinin, 15 ga Yuli

Ina shara na leƙa bayan kabad. Wani siririn layin ƙasa ya taso daga tsagar daɓe, ya hau ƙafar baya ta hagu, ya shige. Na san ko mene ne, ba yau aka haife ni ba. Na ɗaga tsintsiya. Na daɗe a haka.

Na share gefe da gefe, na bar layin. Ban san me ya sa ba. (Na sani.)

Asabar, 27 ga Yuli

Damodar kafinta ya zo gyaran tagar kicin. Da zai fita ya tsaya a falo, ya ƙwanƙwasa gefen kabad da ɗan yatsa, sama, ƙasa, ya kasa kunne. Ubansa ne ya sake wa kabad ɗin madubi tun kafin a kawo ni gidan.

"Uwargida Linda, baƙi sun shiga. Katakon waje ba sa iya shi, amma allunan ciki da na baya katakon mangwaro ne. In kin kira ni satin nan, zan cece shi. Bayan sati uku kuwa sai dai addu'a."

Na ce zan kira. Ya dubi hannuna da suka warke sumul, ya dubi fuskata. Ya ce, "To. Ni dai taga na zo gyarawa." Ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Juma'a, 2 ga Agusta

Na je wurin Fada don furta zunubi. Na faɗi gulma da fushi. Wannan ɗin na rasa sunan da zan ba shi. Ban karya ba, ban ƙona ba. Na dawo da abina.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ya faru. Bostiao yana ba da labarin kifin da ya kama tun zamanin da yake da gashi, ya dogara gwiwar hannu a kan murfin, allon ciki ya burma. Kwalabe bakwai, kofunan da Baba ya kawo daga Lisbon, madubin, duka. Falo ya cika da warin feni, gara fari fat tana yawo a kan gilasai. Abokan suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Na shirya wa zagi. Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya zauna a ƙasa, tsoho mai shekara sittin, yana kuka kamar yaro. Ya ce a gaban kabad ɗin nan kaɗai ubansu yake yi musu dariya. Ban taɓa sani ba.

Ya share hanci ya ce, "Kar ki sa wa ranki damuwa, matarmu. Kin yi iya yinki. Wa ya kai ki shafa mai?"

Na kawo abin kwashe shara.

Laraba, 21 ga Agusta

Damodar ya kwashe abin da ya rage. Ƙofofin biyu lafiyarsu ƙalau, Bostiao ya ce a kai masa, Perpetua ta yarda tunda ƙofa ba ta ɗaukar kwalba. Bangon wurin ya fi sauran haske. Ba na son kallonsa, kuma ina ta kallo.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na dawo daga coci na cire takalmi, na kwanta har ƙarfe biyu. Na yi zaton zuciyata za ta hana ni barci. Ba ta hana ba, wannan ne ma ya ɗan ba ni tsoro.

Da yamma Bostiao ya zo shi kaɗai da kifi a leda, ya zauna a baranda, ya ce ko akwai shayi. Ya rame. Na gaya masa ranar Alhamis zan hau jirgin ƙasa.

"Har yaushe?"

"Wata biyu. In ta yi arba'in."

Ya ce zai riƙa zuwa yana buɗe tagogi kafin in dawo. Na ba shi mabuɗin gida, na nuna masa inda rufi yake yoyo.

Tikitin yana cikin littafin addu'ata. Na zuwa ne kawai. Mai sayarwa ya tambaya ko a haɗa da na dawowa, na ce masa a'a, kuma bakina bai yi nauyi ba.