Aron Murya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ki ce mata ina nan ƙalau, har na yi kumatu.

Na san za ki yi dariya, ki ce Auta ta sha littattafan soyayya har ta koma rubuta wasiƙa a zamanin waya. Ba yanga ba ce, Yaya. Biro ne kaɗai ba ya ƙara a gidan nan. Kin san sutudiyon Injiniya, mijina, a ƙasan ɗakinmu yake. Ya sa min wani jan ƙwan lantarki a saman ƙofar kicin. Da ya kama, an fara ɗaukar murya ke nan: ba tafiya, ba buɗe famfo, ba jan kujera, waya ma a kashe, wai tana sa na'ura tsuwa. Rannan tari ya taso min, sai da na cusa fuska a filo har hawaye. Haka nake wuni a bakin gado, ƙafafu a naɗe, ina karatu, shafin ma lallaɓa shi nake yi.

Kin tuna ina cewa sai na auri wanda waƙa ke zaune a gidansa? To, tana zaune, amma a ƙasa, ni kuwa ina sama. In ba aiki yakan sa min faifan mawaƙan ƙasashe, har da matan nan masu cika ƙaton zaure da murya ba makirufo, ya yi ta min bayanin wa ya fi wa. Duk inda ya zaga, Sarauniya ce ta ɗaya a wurinsa, wadda Inna ke ƙure rediyo in an sa waƙarta. Albishirinki, a wurinmu take ɗaukar sabon faifanta! Ta cikin daɓe nake jin ta. Amma Yaya, tsakanina da ke, ta tsufa. Akwai inda waƙar ke hawa sama, in ta zo nan sai muryar ta yage kamar tsohon zane. Sun maimaita har ni na haddace.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Na ji an ce ƙaraminku ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da shiruna, abin da ya faru ne ban san ta inda zan fara ba.

Ƙwan nan ne ya mutu ban sani ba. Na ga bai kama ba, na ɗauka sun tashi, na buɗe famfo ina wanke-wanke, na saki murya da waƙar Sarauniya, har wurin nan da take kasawa. Ashe suna tsakiyar aiki. Sai na ji Injiniya yana hawo bene da gudu. Na ce yau na kaɗe. Ya tsaya a ƙofa yana kallona, hannuna duk kumfa. Yaya, a littafi nan ne namiji ke gane matar da ya aura. Daɗi ya rufe ni.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ya sauko da ni, ya ɗora min abin sauraro a kunne, ya tsayar da ni gaban makirufo. Na yi, ya ce in sake, na sake. Na zaci faifaina zai fara. Ashe yanko wurin zai yi, ya ɗinke shi a cikin waƙarta yadda ko ɗinkin ba a ji. Wai rufin asirin tsohuwa ne, wuri ɗaya tak. Daga ɗaya aka koma duk inda numfashinta bai kai ba.

Waƙar ta fita, na san kin ji ta. A rediyo an yi shiri guda kan muryoyin da ba a taɓa yin irinsu ba, masu bugo waya suna ta rantsuwa wai Sarauniya ƙara ƙuruciya take yi. Wurin da suke ta maimaitawa, ni ce, Yaya. Na kai ɗinki wurin maƙwabciyarmu tela, waƙar na tashi a shagonta, ta dakatar da keke ta ce min, amarya saurara ki ji murya, ba irin taku ta 'yan yanzu ba mai kama da kukan mage. Na ce mata ai kuwa haka ne.

Kada Inna ta ji wannan. Injiniya ya ce in maganar ta fita, mutuncin Sarauniya ya zube, shi ma ba mai sake taka masa sutudiyo.

Taki har kullum,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki. Kin ce in yi wa Injiniya magana. Na yi. Ya ce in ƙara haƙuri, lokacina na zuwa, sai dai a gama wani faifan Sarauniya tukuna. Ba mugu ba ne, ke ma kin sani. Yana kallona da sha'awa yanzu fiye da da, amma maƙogwarona yake kallo. Ya hana ni ruwan sanyi.

Sarauniya da kanta ta hawo benenmu, tana haki, tana dafa bango. Na shimfiɗa mata darduma, ina jiran ta kama hannuna ta ce gobe za ta nuna ni ga duniya. Ta sha ruwa, ta ƙare min kallo, ta ce 'yata, Allah ya yi miki baiwa, amma muryarki ta cika yarinta, masu kunne za su gane. Tun ranar kullum sai ta zo. Ta ɗora tafinta a cikina ta nuna min inda take jan numfashi, yadda take jan ƙarshen kalma, har 'yar dishewar nan tata. In na kuskure ta ce ke 'yar nema, wa kike wa gaggawa? In na dace ta rufe ido ta yi ta hawaye. Na kasa jin haushinta, Yaya, shi ya fi damuna. Ta roƙe ni kada in riƙa waƙa kusa da taga.

Shekaranjiya Inna ta biyo daga asibiti. Sutudiyo a rufe, ba kowa. Tana kishingiɗe ina matsa mata ƙafa, sai ta ce Auta, yi min waƙar nan da kike yi a gida in kina shara, na yi kewarta. Na fara. Ban yi nisa ba ta yi dariya ta ɗaga min hannu, ta ce kai, kin iya kwaikwayon tsohuwar nan, to bar wasa, yi min da muryarki.

Na gyara zama na sake. Ita ce dai ta fito. Na yi gyaran murya, na rufe ido, na tuno tsakar gidanmu da tsintsiya a hannuna, na sake ɗaukowa. Numfashin nata, jan kalmar nata, dishewar tata. Inna ta daina dariya, ta zuba min ido tana jira. Na ce mata mura ce ke damuna.

Da na raka ta bakin titi, ta riƙe hannuna ta ce in murar ta sake ni in je gida in yi mata, ita kaɗai, ba ta son ta kowa sai tawa. Tun da ta tafi nake shiga banɗaki in rufe ƙofa in gwada a hankali. Ban sami muryata ba.

Ke kin fi kowa jin ta, ɗaki ɗaya muka tashi. Don Allah ki rubuto min yadda take, ko da kaɗan kika tuna. Inna na jira na, ban san me zan kai mata ba.

Ki gaida mutan gida.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta