Kwarmin Ruwan Dutsen Yelbarin

Yelbarin,
3 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Merle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarki Janine da yaranta. Yaya gwiwar? Janine ta ce likita ya hana ki hawa bene, ke kuma kin ƙi ji. Mu nan ƙalau. An yi ruwa sau biyu a makon jiya, alkama ta yi kore shar, furannin daji sun fara buɗewa a gefen hanyar tasha.

Za ki ce me ya hana ni bugo waya. Na buga sau uku, kuma duk sanda na ambaci littafin Kaka sai ki ce ba kya jin magana sosai. Shi ya sa na koma ga biro.

A watan Oktoba garin nan zai cika shekara ɗari. Ƙaramar hukuma za ta kafa alluna uku saboda baƙi masu zuwa kallon furanni, ɗaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ɗaya a bakin tafkin gishiri, ɗaya a gindin Dutse. Da yake na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa, sai aka ɗora mini rubutun ba tare da an tambaye ni ba. Mu biyar ne a kwamitin, shugabanmu Clarrie Boase. E, Clarrie ɗin da kika sani, wanda ya maimaita aji huɗu. Yanzu shi ne mai kanti da gidan mai, kuma tunda mutanen garin ba su wuce ɗari da arba'in ba, duk motar baƙon da ta wuce ba ta tsaya ba sai ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Yaya, mutumin nan zai sa mini hawan jini. Na rubuta cewa tafkin ruwan daɗi ne a da, mun yi iyo a ciki muna yara, sai da aka sare itatuwa don noma gishiri ya taso ya kashe shi. Ya karanta ya ce, "Malama, baƙo hoto ya zo ɗauka, ba wa'azi ya zo ji ba." Wai in rubuta cewa tafkin yana sheƙi kamar azurfa. Dutse kuma wai in ce shi ne na biyu a girma a duk jihar. Na ce wa ya auna? Ya ce, "To wa zai zo da igiyar awo?" Sauran ukun suka yi ta dariya suna tauna biskit.

Allon Dutse ne ya fi damuna, don labarin gidanmu ne. Kowa ya san yadda Kaka Albert ya iso da doki, ƙishirwa ta kusa kashe su, ya hau Dutse ya gano kwarmin ruwan da ke samansa, daga nan gari ya kafu. Amma ba ni da rana ko wata, kuma ba zan sa ƙarya a allon ƙarfe ba. Baƙin littafin da yake rubutu a ciki yana wurinki tun da muka kwashe kayan Mama. Don Allah ki ba Janine ta aiko mini, zan mayar miki yadda yake.

Sannan hukuma tana so mu ba ta filin Dutse ta yi wurin ajiye motoci da bayan gida. Tunda sunanmu mu biyu ne a takardar filin, sai mun sa hannu tare. Wannan ba na gaggawa ba ne.

Ki gaishe mini da Janine. Ki bar hawa benen nan.

Ƙanwarki,
Glenys.

Yelbarin,
29 ga Agusta.

Yaya Merle,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan sanyin nan bai tayar miki da tarin ba. Littafi ya iso, na gode. Na ga 'yar takardar da kika saka a ciki, wadda kika ce in ɗauki kwanan wata kawai in rufe. Ban rufe ba.

Kin san abin da ke shafi na goma sha ɗaya, amma bari in rubuta miki don ki gani da hannuna. Kaka ya ce: "Wata baƙar mace mai goyo ta kai ni kan dutsen, ta ɗaga faifan dutsen da suke rufe ramin da shi. Na sha, na ɗebo wa doki. Na ba ta taba da garin alkama." Bayan wata biyu kuma: "Na gama zagaye dutsen da wayar shinge. Na kori mutanen, suna tsorata mini tumaki."

Shekara goma sha tara littafin nan yana ɗakinki, Yaya. Ni kuwa ina gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane yadda Albert Tuckett ya gano ruwa shi kaɗai. Kin tuna Dulcie, da muka yi aji ɗaya, wadda danginta, baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar nan, ke zaune a bayan layin dogo? 'Yarta Raelene ta taɓa rubuta mini a jarrabawa cewa kakar mamarta ce ta nuna wa Bature ruwan. Na ja layi da jan biro, na rubuta a gefe, "Wannan ba tarihi ba ne." Shekararta tara a lokacin.

Na kai littafin taron kwamiti na karanta musu. Sai Clarrie ya ce, "Malama, kakanki ne fa, ba nawa ba. Mun riga mun ba da aikin hotonsa a jikin rumbun alkama, tsayinsa ya fi na coci. In ce wa mai fenti ya goge gemu ya zana waya?" Beryl ta gidan waya ta ce kowa haka ya yi a zamanin. Wani ya ce a saka matar a layi ɗaya a ƙasa, a ce ta taimaka, baƙi suna son irin wannan. Aka tashi ba a yanke komai ba, sai batun wa zai gasa naman rago ranar biki, wanda ya ci minti arba'in.

Washegari na toya kek na tafi gidan Dulcie. Na same ta a baranda tana gyaran wake, ƙugunta ya hana ta tashi. Ta dube ni ta dubi kek ɗin ta ce, "Malama da kanta? Wa ya mutu?" Na zauna na karanta mata shafin. Ban san me na zata ba, wataƙila kuka, wataƙila godiya. Ba ta ko ɗago daga kan wakenta ba. Ta ce, "To, yanzu da Bature ya rubuta, ya zama gaskiya ke nan?"

Na ce ina so in sa sunan kakarta a allon, a sama, da manyan haruffa. Ta ce a'a. Na yi ta roƙo. Ta ce, "Glenys, shekara sittin kina gaishe ni a bakin kanti ba ki taɓa tambayar sunan kakata ba. Yanzu kina so in ba ki shi ki manna kusa da bayan gida, masu gajeren wando su tsaya su yi hoto? Ba ma wasa da sunan mamaci haka. Kun ɗauki ruwan, ku bar mana sunan." Na ce to me zan yi? Ta ce, "Ni ce malamar?" Ta karɓi kek ɗin dai, ta ce ya ɗan bushe.

Kin ga inda nake. Kwamiti ba ya son gaskiya, mai gaskiyar ba ta so a rubuta, ke kuma kin ce in rufe. Na yi kwana uku ina tunani, ga abin da na gani. Kada mu ba hukuma filin. Dangin su Dulcie suna da ƙungiya mai rajista, mu mayar musu. Ba gona ba ce, Yaya, fa ne da ƙaya, ko akuya ba ta samun na ci a wurin. Na karɓo takardar daga lauya a garin Balgering, na sa hannu a nawa gefen, ga ta a cikin ambulan. Inda na yi alama da fensir nan ne naki.

Kada ki yi fushi da zafin alƙalamina. Ke kaɗai kika rage mini.

Taki,
Glenys.

Yelbarin,
21 ga Oktoba.

Yayata,

Barka da warhaka. Janine ta ce an sa ranar aikin gwiwar, Allah ya sa a yi a sa'a. Zan zo in kwana biyu a asibitin, ko kina mini magana ko ba kya yi.

Amsarki ta iso, takardar lauya kuma ta dawo yadda na aika ta. Na karanta duk abin da kika ce: Kaka ya yi aiki har hannunsa ya fashe, Baba ya binne 'ya'ya biyu a ƙasar nan, ni kuma ina neman suna da tsufana. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun ya yi mini ciwo, amma na bar shi. Ke kin ce hukuma kawai za ki sa wa hannu, ni kuma ba zan sa mata ba, don haka babu wurin ajiye motoci, kuma Clarrie ya daina ce mini Malama, sai dai ya miƙo mini canjina yana kallon bango.

An yi biki ranar Asabar, kwana tara ke nan. Baƙi sun kai ɗari uku, ƙudaje sun ninka su. Hoton Kaka yana jikin rumbu, mai fentin ya yi masa hanci irin na wani daban. Allon tasha ya fito daidai. Na tafki sun canza shi bayan na miƙa, yanzu yana sheƙi kamar azurfa. Na Dutse kuwa na rubuta tsayinsa, da irin dutsen, da cewa akwai kwarmin ruwa a sama da mutane suka sha tun kafin a yi garin. Layi huɗu, sauran allon fili. Wata baƙuwa ta tambaye ni ko fenti ne ya ƙare.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kada ki ji a bakin wani. Ranar Litinin bayan bikin na ɗauki filaya na je na yanke wayar da ke kewaye da Dutse. Kwana biyu na yi ina naɗe ta, ta yage mini hannu a wuri uku. Rabin filin nawa ne, kuma ban san wane rabi ba, sai na cire duka. In kina so ki kai ni ƙara, lauyan yana Balgering.

Na haɗu da Dulcie a kanti na gaya mata. Ta ce "To," ta ci gaba da zaɓen tumatir.

Jiya Lahadi bayan coci na bi ta hanyar Dutse, sai na ga motoci uku a gindinsa. Raelene ce da 'yan'uwanta da 'ya'yansu, sun fi ashirin. Maza biyu suka ɗora Dulcie a kujerar roba suka hau da ita, tana zaginsu suna dariya. Babu wanda ya kira ni, ni ma ban bi su ba. Na zauna a cikin motata, rana tana dukana, har wajen awa uku. Raelene ta wuce ta gefena sau biyu da bokiti, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowa. Na buɗe baki in yi mata maganar jan biron nan, na kasa.

Da suka sauko suna ɗauke da buhuna biyar. Kwarmin suka yashe: kwalaben giya, gwangwanaye, ƙasusuwan tumaki, laka mai wari, har da tsohon takalmi. Suka jera su a bayan motata ba tare da sun tambaye ni ba. Aka sauke kujerar Dulcie daidai tagata, rigarta jiƙe har gwiwar hannu, tana haki. Ta ce, "Wannan naku ne. Ki kai juji."

Na kai, Yaya. Har yanzu motar tana wari.

Ga takardar lauya na sake sakawa a ciki. Alamar fensir tana nan inda take. Ki gaishe da Janine da yara, ki kuma gaya mata ta tanadar mini katifa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki, duk da haka,
Glenys.