Wa Ya Kai Wa Orville Sirrin Injina?

Uwargida Wilma, ki taimake ni da shawara, zargi ya hana ni sakat.

Ni bakanike ne a garin Bakersfield na Amurka, ba wanda ya ɗora ni, da hannuna na kafa garejina. Motar tserena ma daga juji na tsinto gangar jikinta, na sare rufin, na ɗora wa injin kafireta, wato na'urar haɗa fetur da iska, har guda uku bisa wani tsari da ni kaɗai na ƙirƙiro. Duk Asabar idan na buɗe bonet a gaban shagon hambaga, mutane har ture juna suke yi.

To, a tseren busasshen tafkin El Mirage da ya wuce, wani abokin hamayyata Orville, wanda bai taɓa shan gabana ba, ya tayar da motarsa, sai na ji muryar injina sak. Na leƙa: kafireta uku, jeri irin nawa.

Delbert nake zargi. Abokina ne tun muna gyaran jirage a soja, shi ke tura ni da akori-kurarsa har injin ya kama, shi ke ɗaure min bel ɗin kujera. Yana da makullin garejina. Kwanan nan kuma an gan shi yana cin kaza a gidan Orville, wai ƙanwar matar Orville yake nema. Wai! Ban ce masa komai ba, amma na canza kwaɗo. In sallame shi kafin tseren Mayu?

Mai Jar Mota

Mai Jar Mota, na fahimci zafinka, wahalar mutum ba abin wasa ba ce, kuma cin kazar nan zai iya sa kowa tunani. Amma tuzuru ba ya buƙatar satar sirri kafin ya je zance. Sannan ka sake karanta wasiƙarka. Injin da kake baje kolinsa duk Asabar, Orville ba makaho ba ne, kuma na tabbata yana cin hambaga.

Mutumin da ka yarda ya ɗaure maka bel ya cancanci ka tambaye shi ido da ido. Idan ya yi, za ka gani a fuskarsa. Idan bai yi ba, ka miƙa masa sabon makulli tun kafin ya je ya tarar nasa ba ya buɗewa. Ranar Asabar kuma ka bar bonet a rufe.

Allah ya ba ka sa'a a Mayu, ya sa Delbert ne a bayanka.

Wilma