Inna ta kira sunan ɗan farinta, ni kuma na kai muryar gasa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yi saurin tsine min, na riga na zagi kaina ya ishe ni.

Ina aiki a wani gidan rediyo, 'yar Roni ce ni. Mahaifiyarmu Bafulatana ce ta gaske, tunda na taso ban taɓa jin ta kira sunan Yayanmu ba, shi ne ɗan fari. "Wancan" take ce masa. In ya gaishe ta sai ta kau da kai. Shi kuma ya ɗauka ƙi ne, ya tattara ya koma Babura yana harkar hatsi, sai Sallah muke ganinsa.

Shekarun baya ina haɗa shiri kan alkunyar ɗan fari, na zaunar da Inna ina ta jan ta da hira, waya tana ɗaukar muryarta. Ban san me ya taɓa ta ba, sai ga Inna tana kuka, ta kira sunansa ƙarara, ta ce duk cikinmu babu wanda take kwana da shi a rai kamarsa. Da ta hango wayar ta ce, "Ke, goge abin nan. In wani ya ji, ban yafe miki ba." Na ce, "Na goge, Inna." Wallahi ƙarya na yi. Ban sa a iska ba, amma na tura shirin da muryarta gasar shirye-shiryen rediyo da na intanet, ina cewa alƙalai kaɗai za su ji, su wa suka sani a Roni? Ko na uku ban zo ba. Na manta da zancen.

Ashe masu gasar suna adana duk abin da aka taɓa tura musu, bana kuma suka zuba shi kaf a shafinsu, da sunana da garinmu. Wani abokin Yaya ya ci karo da shi ya tura masa. Na rubuta musu ina roƙo su cire, to ko sun cire, ba yana wayar Yaya ba?

Jiya Yaya ya kira ni, ƙaton mutum mai 'ya'ya yana shessheƙa. "Ashe Inna tana sona? Ita ta ce ki ajiye min, ko?" Ya ce ranar Juma'a zai zo gida ya durƙusa ya kunna mata, ya nemi gafarar zargin da ya yi mata.

In na bar shi ya kunna, Inna ta san na ci amanarta, kalmar nan ta hau kaina. In na faɗa masa gaskiya, na ce masa uwarsa cewa ta yi a goge.

Yau Laraba. Me zan yi?