Kai Ka Kwantar da Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau, in ban da Mama. A kanta na ɗauki biro, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ni na kai ta aka ɗauki hoton gwiwar, ni na zauna gaban likitan ƙashi ya nuna min a allo. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya fara sirancewa ta gefen ciki, sai ɗan ruwa da ya taru. Abin bai yi nisa ba, babu maganar tiyata. Ta riƙa tattaki kullum, ta je gashi a ƙarfafa mata naman cinya, ta rage jiki, ta sha magani in ciwon ya motsa. In duk bai yi ba, a yi mata allura a gwiwar. Har kunne ya ja min cewa kwanciya ce za ta kassara ta.

Sai ka matsa a turo maka hoton. Kai da ba ka iya bambanta gwiwar hagu da ta dama, ka hangi fari-fari a waya, ka kira Mama ka ce ƙashinta na cinyewa, kada ta ƙara taka ƙasa. Wallahi ka cuce ta, kuma ka san maganarka ba ta faɗuwa a wurinta. Matar da ke hawa bene ta yi shanya, yanzu ruwan sha sai an miƙa mata. Ranar gashi ta ƙi shiga mota, wai babban ɗanta ya hana. Cinyar har ta fara motsewa. Jiya ta yunƙura za ta banɗaki ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta dube ni ta ce ashe yayanku gaskiya ya faɗa.

Ka riƙe keken guragun da ka ce za ka aiko. Ka kira ta yau, ka faɗa mata da bakinka cewa ba ka sani ba ka faɗa, ta tashi ta taka. In girman kai ya hana ka, ka tattaro ka taho, bayana ya gaji. Kai ka kwantar da ita, kai za ka riƙa ɗaga ta.

A gaida Anti da yara, su ba ruwansu. Auta na gaishe ka.

Ƙanwarka.