Ƙwan da na sauya wa Hannatu

Ƙanena Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya Fatakwal, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Sabon Gari lafiya lau.

'Yarmu Hannatu ta gabatar da bincikenta a Samaru. Wai akwai taurarin da ke fashewa da haske iri ɗaya. Daga dusashewarsu take gane nisansu, daga launinsu kuma saurin tafiyarsu. Don ta gwada wa malamanta, ta aiko in ba ta ƙwan lantarki biyar iri ɗaya daga shagona. Ka san ba na sallamar na gida da kayan arha, sai na sauya biyu da masu ƙarfi ban faɗa mata ba. Da ta jera su gaban malaman, na nesa ya fi na kusa haske. An ce ta sake ranar Litinin. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ku sa ta a addu'a. Ta ce taurarin nan kullum ƙara nisa suke yi da mu. Ban yi mamaki ba, kai ma Kirsimeti uku ke nan ba mu gan ka ba.

A gaida mutanen gida.

Yayanka,
Ishaya